Kafin a Sayi Mikro Mara Waya: Nasiha ga Matasan Arewa Masu Ɗaukar Bidiyo

A ƴan shekarun nan wani ɗan baƙin abu mai girman kwalin ashana ya zama ruwan dare a wuyan riguna. Ana ganin sa a ƙirjin malami mai wa'azi a Facebook, a hannun saurayi mai yi wa mutane tambayoyi a tashar Dogon Dutsi, a jikin mai barkwanci na TikTok, da rigar malamin gona da ke bayanin noman dankalin turawa a fadamun bayan gari. Shi ne mikro mara waya. Matasan da ke ɗaukar bikin aure da suna da saukar Alƙur'ani, tun daga Matankari har Kore Mai Ruwa, sun gane cewa mai kallo yana iya haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma da zarar murya ta nutse cikin iska da ƙarar babura, sai ya ja yatsa ya wuce. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 kunnen masu kallon Hausa ya saba da magana fes, kuma da wannan mudun ake auna aikin kowa, har na yaron da ya fara jiya.

Sha'awar mallakar mikro ba laifi ba ce. Wajen zaɓe ne ake tafka asara. Saurayi ya tara kuɗin aikin damina guda, ya aika Babbar Kasuwar Yamai ko kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, a kawo masa kwali mai ƙyalli da manyan lambobi a bayansa, ranar biki ta zo, sai a ji addu'ar liman tana yankewa. Nasihar da ta dace a nan ɗaya ce: kada matashi ya amince da abin da aka rubuta a kwali sai ya gwada mikron da kunnensa, a irin filin da zai yi aiki, cikin irin iska da zafi da hayaniyar ƙasar Arewa ta Nijar.

Nisan da aka rubuta da nisan da ake samu

Kowane mikro mara waya kashi biyu ne: mai aikawa, wanda ake maƙala wa mai magana, da mai karɓa, wanda ake haɗawa da kamara ko salula. Yawancin ƙananan da suka cika kasuwa suna aiki ne a zangon gigahaz 2.4. Kamfanin Rode na Ostareliya ya fito da Wireless GO a 2019, yana mai cewa yana kai mita 70. A 2021 ya fito da Wireless GO II da alkawarin mita 200. DJI Mic na kamfanin Sin ya zo da mita 250. Waɗannan lambobi ba ƙarya ba ne, sai dai an auna su ne a fili tas, mai aikawa yana fuskantar mai karɓa, ba bango, ba mota, ba mutum a tsakani.

Aiki kuwa ba a haka ake yin sa ba. Igiyar rediyo ta wannan zango gajeriya ce, tsawonta kamar santimita 12 da rabi, kuma ruwa yana shanye ta. Jikin mutum fiye da rabinsa ruwa ne. Saboda haka idan mai magana ya juya baya, ƙirjinsa da bayansa sun shiga tsakanin na'urorin biyu, mita 200 ɗin nan tana iya komawa ƴan taku kaɗan. Taron jama'a ma haka yake yi, katangar laka mai kauri ma haka. Ƙari a kan wannan, Wi-Fi da Bluetooth duk a zangon nan suke kiwo. A ƙauye shiru kamar Bagaji wannan ba abin damuwa ba ne, amma a ɗakin taro cikin Dogon Dutsi, inda kowa ya kunna raba intanet a wayarsa, cunkoso ne sosai.

Gwajin ba ya buƙatar komai sai aboki guda da abin saurare na kunne. Mai saye ya ce wa mai shago, "Alhaji, a yi mana haƙuri mu ɗan fita da shi waje mu ji." A maƙala wa abokin mai aikawa a ƙirji, ya fara ƙirga ɗaya, biyu, uku da muryarsa ta yau da kullum, yana tafiya gaba, bayansa na kallon mai karɓa. Mai saye ya tsaya wuri ɗaya da abin saurare a kunne, yana jiran lambar da za ta ɓace. Idan an ji goma sha bakwai sai kuma aka ji ashirin, to an gano iyakar mikron ta gaskiya. Daga nan abokin ya zagaya bayan mota, ya shiga zaure, ya kutsa cikin mutane, ya durƙusa kamar mai gaisuwa. A ƙarshe ya dawo gaban kamara ya tafa hannu sau ɗaya, a sake kallon hoton a ga ko ƙarar tafin ta faɗa daidai lokacin da hannaye suka haɗu. Wasu masu araha suna jinkirta murya, sai a ga leɓe ya motsa kafin magana ta fito. Mai shagon da ya ƙi a yi wannan gwaji ya riga ya ba da amsa.

Akwai wani jinsin mikro da gidajen talabijin da masu shirya fim suka daɗe da shi, mai aiki a zangon UHF, irin Sennheiser EW 100 G4 da ya fito a 2018. Igiyarsa ta fi tsawo, ta fi iya kewaye jikin mutum da bango, kuma yana cin batura biyu ƙanana da ake samu a kowace kasuwa, su kai shi wajen awa 8. Amma kuɗinsa ya ninka na ƙananan, yana buƙatar mutum ya koyi neman tasha mara cunkoso, kuma zangon da yake aiki a ciki na hukuma ne, a Nijar hukumar ARCEP ce ke kula da rabon zangunan rediyo. Wanda zai yi aikin fim mai tsawo ko shirin da za a kai gidan talabijin ya yi tunani a kansa. Mai ɗaukar biki da hira ta kusa, ƙaramin ya ishe shi idan ya san iyakarsa.

Hunturu, bazara da shadda

Masu ƙera waɗannan na'urori ba su san hunturun kwarin Dallol Mawri ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana kaɗawa da ƙura, kuma ko ɗan hucinta ya taɓa bakin mikro sai a ji kamar tsawa. Soson da ke zuwa a kan wasu ba ya tare komai a fili. Abin da ke aiki shi ne ɗan gashin nan mai laushi da ake rufa wa mikro. Mai saye ya duba ko yana cikin kwalin, ya kuma ja shi ya ga ko yana kama jikin mikron da kyau, domin a Wireless GO na farko masu amfani sun yi ta kukan yana faɗuwa, har kamfanin ya sake masa makama a na biyu. Hanya mafi sauƙi ta gwada shi ita ce a tsaya gaban fanka a yi magana. A wurin aiki kuma, mai magana ya ba iska baya, jikinsa ya zame wa mikron kariya.

Bazara tana da nata sharrin. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, alhali masu ƙera batirin lithium galibi suna gargaɗin kada a yi masa caji a zafin da ya wuce digiri 45. Mikron da aka bari ƙarƙashin kujerar babur ko a gaban mota da azahar yana tsufa da wuri. Rode ya ce GO II yana yin awa 7, DJI ya ce mai aikawarsa yana yin awa 5 da rabi, kuma akwatin cajinsa yana kai jimillar zuwa awa 15. Wannan na sabon batiri ne. Batirin a rufe yake cikin jikin na'urar, ba a canza shi a bakin kasuwa, don haka mai sayen na hannu ya cika shi da caji, ya kunna, ya duba agogo har ya mutu. Wanda zai tafi aiki Sukukutan ko Dogon Kirya, inda ba a dogara da wuta, ya tabbata mikron yana karɓar caji daga ma'ajiyar wuta ta aljihu, kuma yana ci gaba da aiki yayin da ake yi masa cajin.

Sai tufafi. Sabuwar shadda mai sitaci tana da ƙara, kuma mikron da aka ɓoye ƙarƙashin babbar riga shaddar zai yi ta ɗauka fiye da mai ita. Hijabi yana goga bakin mikro duk lokacin da mace ta juya kai. Rawani yana rufe baki. Carbi da sarƙa da warwaro duk suna da murya. Wurin da ya fi dacewa shi ne tsakiyar ƙirji, kamar taƙi guda daga baki, a waje, inda ba abin da ke taɓa shi. Dalilin taƙin nan lissafi ne: duk lokacin da nisa tsakanin baki da mikro ya ninka, ƙarfin murya yana raguwa da desibel 6, hayaniyar gari kuwa tana nan yadda take. Shi ya sa mikron da ke karɓar ƙaramin kan mikro mai siririyar waya ya fi wanda ba shi da wannan kafa: a sa akwatin cikin aljihu, ɗan kan kaɗai ya leƙo.

Guɗa da kalangu

Bikin Hausa ba ya tafiya da murya ɗaya. Waliyyi yana magana ƙasa-ƙasa, maroƙi ya ɗaga murya, sai guɗa ta tashi daga cikin gida. Mikron da aka buɗe sosai domin waliyyi, guɗa za ta fasa shi, kuma muryar da ta fashe ba ta gyaruwa a kwamfuta. Masu aikin sauti suna saita ƙarfi yadda magana ta yau da kullum za ta tsaya wajen desibel 12 ƙasa da ƙololuwa, a bar sarari domin abin da zai zo ba zato. Saboda haka mai saye ya duba: akwai ɗan allo mai nuna hawa da saukar murya? Ana iya rage ƙarfi da hannu? Akwai kafar abin saurare?

Wasu na'urori suna ɗaukar murya sau biyu a lokaci guda, ɗaya da cikakken ƙarfi, ɗaya a rage, domin in ta farko ta fashe a ɗauki ta biyu. A GO II ragin desibel 20 ne, a DJI Mic desibel 6. Wasu kuma mai aikawar yana da rumbu a cikinsa, yana adana magana ko da igiyar ta yanke a hanya. Na DJI Mic yana ɗaukar awa 14. A cikin duk abubuwan da ake tallatawa, wannan rumbu ne ya fi cancantar ƙarin kuɗi, domin ɗaurin aure ba a maimaita shi. Rode Wireless PRO na 2023 da DJI Mic 2 na 2024 sun zo da tsarin ɗauka mai bit 32, wanda ke ba da damar sauko da muryar da ta yi yawa bayan an gama. Yana da amfani, amma a rumbun ciki yake aiki, sai an kwashe shi an daidaita da hoto, kuma wannan ƙarin aiki ne ga mai yin komai a salula.

Maɓallin da ya fi yaudarar matasa shi ne na rage hayaniya. A shago yana burge kowa: a danna, ƙarar titi ta ɓace. Amma na'urar an koya mata ne cewa duk abin da ba magana ba ne shara ne. Kalangu, goge, gurmi, gangar ƴan kokawa, amshin mata, duk sai ta murƙushe su, ta bar wani sauti kamar daga ƙarƙashin ruwa. Ko a magana zalla tana cinye ƙarshen kalmomi, musamman na tsofaffi masu sassanyar murya. Idan mikron ba ya bari a kashe wannan maɓalli, bai dace da mai ɗaukar kiɗa ba. Maganin injin wuta ko injin niƙa shi ne a matsa nesa da shi, ko a roƙi a kashe shi na ɗan lokaci.

Abu na ƙarshe a wajen gwaji shi ne mahaɗi. Fulogin kamara zobe biyu gare shi, na salula zobe uku, kuma in aka musanya su ba abin da zai shiga. Wayoyi da yawa yanzu ta kafar caji suke karɓar mikro, wasu sai an shiga saiti an kunna OTG, wasu kuma manhajar kamararsu ba ta kula mikron waje sam. Mutum yana iya yin hira guda cur yana zaton mikronsa ke aiki, ashe na jikin wayar ne. Mai saye ya je da wayarsa ta aiki, Tecno ce ko Infinix ko itel, ya haɗa, ya fara ɗauka, ya ƙwanƙwasa bakin mai aikawa da farce. In an ji ƙwanƙwasar a sauraro, haɗin ya yi.

Kunne ya fi na'ura

Nijar tana da tarihi a wannan sana'a da ya kamata matasa su sani. Lokacin da Jean Rouch yake ɗaukar finafinansa a ƙasar nan, akwai ɗan Nijar, Moussa Hamidou, da ke riƙe masa sauti shekara da shekaru. A 1971, a garin Simiri na Zarmaganda, su biyun suka ɗauki fim ɗin Tourou et Bitti a ɗauka ɗaya ba yankewa, kusan minti 10, ganguna na tashi, mutane na kai da kawo. Na'urorin ɗaukar sauti na zamanin, irin su Nagra, nauyinsu ya haura kilo 5, suna cin manyan batura 12, ana rataya su a kafaɗa. Ba maɓallin rage hayaniya, ba rumbun ajiya na biyu. Abin da ya fitar da aikin shi ne mutum guda da ba shi da wani aiki sai saurare, ya san inda zai tsaya da inda zai nuna mikro. Matasan da ke aiki su biyu ko uku su ware ɗaya ya zama mai kunne, abin saurare a kansa daga farko har ƙarshe, da ikon ya ce a dakata a sake.

Kuma ƙasar Arewa tana da abin ɗauka. A watan Afrilun 1899 Sarauniya Mangu ta Lugu ta tsaya wa rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine. Abdoulaye Mamani ya rubuta labarin a littafi a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a 1987, amma a Burkina Faso aka ɗauke shi. Masana daga waje, irin su Marc-Henri Piault da Adeline Masquelier, sun zauna a nan sun rubuta littattafai kan al'ummar Mawri da bori da fadojin samari, cikin Faransanci da Ingilishi. Muryar mutanen da kansu, cikin Arewancinsu, ita ce har yanzu ba ta taru ba: jerin sarakunan Matankari a bakin masu riƙe da shi, labarin kafuwar Tibiri da Gesheme da Dumega, sanin maharba da maƙera da masu haƙar rijiya. Duk wannan a murya yake, kuma masu shi suna tsufa. Hoton dattijo da muryarsa ta lalace ba ya koyar da kowa komai.

A nan ne ladabi ke shiga cikin sana'a. Ba a kai hannu ƙirjin babba haka kawai. Yaro ya durƙusa ya ce, "Baba, da izininka zan maƙala maka wannan a wuyan riga, shi ne zai ɗauki maganarka." In mace ce, ƴar'uwarta mace ta maƙala mata. A kuma faɗa wa mutum gaskiya cewa abin nan yana ji ko kamara ba ta kallonsa. Mai magana yakan manta da shi, ya shiga cikin gida, ya yi raɗa da iyalinsa, ya kewaya, duk yana zuba cikin kunnen mai ɗauka, wani lokaci har cikin rumbu. Da an tsaya hutu, a je a kashe a gabansa: "Inna, na kashe shi, sai mun dawo." Abin da ya shiga bisa kuskure a goge shi. A wurare irin Lugu da Bagaji akwai abin da ake faɗa wa baƙo, akwai wanda ba a ɗauka, kuma masu wurin ne ke da ikon cewa wanne ne wanne. Matashin da ya saki maganar sirri don neman masu kallo ya rufe wa kansa ƙofofi, ya rufe wa na bayansa.

Batun kuɗi

GO II ya fito a kan dalar Amurka 299, DJI Mic a kan 329, wato sama da jika 160 na sefa tun kafin dako da kwastan da ribar ɗan kasuwa. Idan aka miƙo wa mutum mai irin wannan suna a kan jika ashirin, jabu ne ko matacce. Tsakanin waɗannan da ƴan ƙananan marasa suna da ake sayarwa jika kaɗan akwai na Hollyland da Boya, masu sauƙin kuɗi, kuma gwajin da za a yi musu shi ne dai wanda aka zayyana. A tambayi mai shago kwana nawa ya yarda a dawo da kaya in an ga aibi, a karɓi rasit mai lambar na'urar, a ƙirga wayoyi da gashin iska kafin a bar shagon, domin samun madadinsu a Dogon Dutsi ko Tibiri wuya gare shi.

Wanda kuɗinsa bai kai ba kada ya ci bashi. Mikro mai waya mai tsawon mita 6 yana ba da murya mai kyau a hirar zaune, ba ya yankewa, kuma ba ruwansa da cunkoson igiyoyi. Tsohuwar salula da aka kunna mata ɗaukar murya, aka jona mata ɗan kan mikro, aka sa ta a aljihun mai magana, tana yin aikin rumbun ciki. Tafi ɗaya a farkon ɗauka ya isa a daidaita murya da hoto daga baya. Ƴan fada guda kuma suna iya yin adashi su sayi mai kyau ɗaya, su riƙa karɓa-karɓa, su ba da haya ranar da ba su da aiki, su ware wani abu daga kuɗin hayar domin ranar da batiri zai gaji. Da an dawo daga aiki a kwashe muryar a wuri biyu, a rubuta sunan gari da ranar ɗauka da wanda ya yi magana, a kuma tura wa iyalinsa kwafi kafin a saka komai a intanet.